Yadda ake lissafin densiti, mas da bolum, tun daga tiya har zuwa zoben zinare

Toh jama'a, wanga rubutu na ƙannenmu ne ƴan ƙaramar sakandare da ƴan SS1, da kuma iyaye da yayyen da ke zama da yara da dare suna duba musu aikin gida. Abin da nake gani a makarantunmu nan Zamfara da Kebbi shi ne yaro zai haddace D = M ÷ V (wato densiti = mas ÷ bolum) tsaf, ka tada shi daga barci ma zai faɗa maka, amma ka miƙa masa dutse ɗaya da kofin ruwa ka ce ya nemo densitin dutsen sai ya tsaya yana kallonka, kuma wallahi ba laifin yaron ba ne, bai taɓa auna komai da hannunsa ba ne kawai. Ni a ganina duk wanda ya auna abu uku ko huɗu da kansa ya gama da wanga darasi har abada, ko a BECE ko a WAEC ko a NECO. Don haka ku nemo sikeli da rula da robar ruwa mu bi shi daki-daki.

Abu ukun da ake magana a kai

Mas shi ne yawan abin da ke cikin abu, wanda sikeli ke nuna maka da giram ko kilo. Buhun siminti kilo 50 ne, wannan 50 ɗin mas ne. A gida muna ce masa nauyi kuma ba komai, amma a ɗakin jarrabawa ka sani nauyi na ainihi shi ne ƙarfin da ƙasa ke jan abu da shi, ana auna shi da Niyuton, kuma ana samunsa ne in ka ninka mas da 10 (ainihinsa wajen 9.8 ne, amma 10 aka fi ba yara), kenan buhun siminti wajen Niyuton 500. In aka kai buhun duniyar wata nauyinsa zai koma kusan kashi ɗaya cikin shida amma mas yana nan kilo 50. A lissafin densiti mas muke so, kar ka saka Niyuton a ciki.

Bolum shi ne yawan wurin da abu ya cinye. Tiya da mudu da jarka da lita duk bolum suke aunawa, ba ruwansu da nauyi. Shi ya sa tiyar shinkafa shanshera da tiyar shinkafa gyararriya girmansu ɗaya amma ka ɗaga su ka ji, ba ɗaya ba ne.

Wancan bambancin da hannunka ya ji, shi ne densiti. Wato a cikin wuri daidai wa daida, wanne ne ya fi danƙaruwa. Kamar motocin haya biyu ne iri ɗaya a tashar Gusau za su Kaura Namoda, ɗaya da fasinja huɗu ɗaya an cusa goma, girman mota bai canza ba amma cunkoson ya bambanta. In ka ji an ce densitin ƙarfe 7.9 g/cm³ ne, abin da ake nufi kawai shi ne in ka yanko ɗan guntun ƙarfe mai tsawon santimita ɗaya, faɗin santimita ɗaya, tsayin santimita ɗaya, ka ɗora shi a sikeli, zai nuna giram 7.9. Shi kenan fa. Ruwa kuma giram 1 zai nuna. Duk sauran lissafin daga nan ya fito.

Kafin komai, gyara ma'auni

Nan ne mafi yawan maki ke zubewa, ba a rabawa ko ninkawa ba. Ma'aunin densiti biyu ne, ko giram da santimita kubik (g/cm³) ko kilo da mita kubik (kg/m³), kuma ba a haɗa na wannan gida da na wancan. Giram na tafiya da santimita, kilo na tafiya da mita. Ka riƙe waɗannan a kai: mililita 1 daidai yake da cm³ 1, lita 1 cm³ 1000 ce, mita kubik 1 lita 1000 ce, kilo 1 giram 1000 ne. Sannan wanda ya fi kada yara, mita kubik 1 ba cm³ 100 ba ce, cm³ 1,000,000 ce, domin 100 × 100 × 100 ne, tsawo da faɗi da tsayi kowanne sai da ya canza.

In kana son komawa daga g/cm³ zuwa kg/m³ ka ninka da 1000, in dawowa za ka yi ka raba da 1000. Ruwa 1 g/cm³ shi ne 1000 kg/m³, ƙarfe 7.9 shi ne 7900.

Misali, an ba ka abu mai kilo 2.5 da bolum cm³ 500. Mai gaggawa zai buga 2.5 ÷ 500 ya samu 0.005 ya rubuta ya wuce, ya faɗi. Sai ka fara mayar da kilo 2.5 giram 2500, sannan 2500 ÷ 500 = 5 g/cm³, ko 5000 kg/m³ in haka aka tambaya. Kuma dan Allah a rubuta ma'aunin a gefen amsa, 5 tsirara ba amsa ba ce.

Auna mas

Wannan mai sauƙi ne. Sikelin dijital na kicin ko irin na masu saida nama ya isa ga manyan abubuwa, ƙananan abubuwa kamar zobe kuma sai ƙaramin sikelin nan na masu harkar gwal mai nuna har 0.01. Ka ajiye shi a wuri mai daidai, ka tabbata yana kan sifili kafin ka ɗora komai, kuma abin ya zama busasshe, wato ka auna mas tukuna kafin ka tsoma shi a ruwa. In ruwa-ruwa ne ko hatsi, sai ka fara auna mazubin ba komai a ciki, ka zuba, ka sake aunawa, ka cire na farko daga na biyu. Yawancin sikelin dijital suna da maɓallin da ke mayar da shi sifili bayan ka ɗora mazubi, yi amfani da shi.

Auna bolum

Nan aikin yake, kuma ya danganta da siffar abin.

In abu ne mai kusurwa huɗu kamar sabulu ko bulo ko akwati, tsawo × faɗi × tsayi. A ce sabulun wanki ne, rula ta ba ka santimita 9 da 6 da 3, bolum ya zama cm³ 162. Sikeli ya nuna giram 170. Densiti 170 ÷ 162, wajen 1.05 g/cm³, ya ɗan ɗara ruwa, shi ya sa in ya suɓuce a bokiti sai ka sa hannu ƙasa ka lalubo shi.

In mai siffar gwangwani ne ko durom ko tanki ko rijiya, 22/7 × r × r × tsayi, inda r rabin faɗin baki ne. A nan ma ana faɗuwa, yaro ya auna baki daga gefe zuwa gefe ya samu 7 ya saka 7 ɗin a matsayin r, alhali sai ya raba biyu ya zama 3.5. Gwangwani mai faɗin baki 7 da tsayi 10 kenan 22/7 × 3.5 × 3.5 × 10 = cm³ 385. Durom mai faɗin baki santimita 56 da tsayi 85 zai ba ka 22/7 × 28 × 28 × 85 = cm³ 209,440, ka raba da 1000 ya zama wajen lita 209. Abu mai siffar ƙwallo kuma 4/3 × 22/7 × r × r × r.

To in dutse ne fa, ko makulli, ko ƙusa, abin da rula ba za ta iya da shi ba? Sai ruwa ya auna maka. Ka samu silinda mai zane-zanen mililita ta ɗakin gwaji, in makarantarku ba ta da ita (kuma da yawa ba su da ita, abin yana damuna ƙwarai) to kwalbar shayar da jarirai tana da zane, ko ka ɗauki sirinji sabo na mililita 10 ko 20 ba tare da allura ba, ka riƙa zuba ruwa goma-goma cikin siririyar roba mai miƙaƙƙen jiki kana zana layi da biro a kan takardar da ka manna a gefe, ka ga ka yi taka silindar. Siririya ta fi, don a faffaɗan kwano ruwan ba zai tashi yadda ido zai gani ba.

Zuba ruwa ka karanta, a ce 50. Ɗaure dutsen da zare ka sauke shi a hankali har ruwa ya rufe shi ruf, kar ka jefa shi ruwan ya fantsama. Sake karantawa, a ce 80. Bolum ɗin dutse 80 − 50 = cm³ 30. Da ma ka auna shi ya ba ka giram 78, sai 78 ÷ 30 = 2.6 g/cm³, kuma haka mafi yawan duwatsunmu na gari suke, tsakanin 2.5 da 3. Wajen karantawa ka durƙusa idonka ya yi daidai da saman ruwan, za ka ga ruwan ya ɗan lotsa a tsakiya ya ɗaga a gefe, ƙasan lotsawar ake karantawa. In ka ga kumfar iska ta maƙale a jikin dutsen ka ɗan girgiza zaren ta fita don ita ma tana cin wuri.

Akwai abubuwan da wagga hanya ke ba matsala. Abin da ke yawo a saman ruwa kamar itace, sai ka danna shi da tsinke ko allura har ya nutse sannan ka karanta. Abin da ke narkewa kamar gishiri ko sukari ko kanwa, kar ka sa ruwa, ka sa kananzir. Abin da ke shan ruwa kamar tubalin laka ko gawayi zai ba ka amsar da ba daidai ba, gara ka zaɓi wani abu don gwaji.

Juya lissafin

Doka ɗaya ce mai fuska uku. D = M ÷ V, M = D × V, V = M ÷ D. A wasu littattafai za ka ga ρ a madadin D, harafin Girkanci ne, abu ɗaya ne. Malamai na zana dala su sa M a sama, D da V a ƙasa, ka rufe wanda kake nema da yatsa sai sauran biyun su nuna maka abin yi. Dabara ce mai kyau ban hana ba, amma ni na fi son yaro ya riƙa tambayar kansa, kowane cm³ ɗaya giram nawa ne, kuma cm³ nawa gare ni. Wanda ya iya wagga tambaya ko ya manta dalar zai fita.

Ga densitin abubuwan da aka fi tambaya, duk a g/cm³: ruwa 1, ƙanƙara 0.92, fetur wajen 0.74, kananzir wajen 0.8, man gas na dizal wajen 0.84, man gyaɗa wajen 0.92, alminiyam 2.7, ƙarfe 7.9, jan ƙarfe 8.9, azurfa 10.5, dalma 11.3, makuri (ƙarfen nan mai kamar ruwa) 13.6, zinare 19.3. Na mai na ce wajen ne domin suna ɗan motsawa da zafi da kuma irin man.

Neman mas kenan. Jarka mai lita 25, in ruwa ne a ciki kilo 25, in man gyaɗa ne 0.92 × 25 = kilo 23, in fetur ne 0.74 × 25 = kilo 18.5, banda nauyin jarkar kanta. Ka lura na yi gajeriyar hanya, g/cm³ daidai yake da kilo a kowace lita, don haka in bolum na cikin lita ka ninka kai tsaye amsa ta fito a kilo. Kuma ga inda abin ya wuce jarrabawa, tankin roba na lita 2000 da ake ɗorawa saman ƙarafa a gidaje, in ya cika kilo 2000 ne, tan biyu cur a saman kan iyali, sai ka ga an kira mai walda ya haɗa da siraran ƙarafa don a rage kuɗi. Duk mai shirin ɗora tanki ya yi wanga lissafi tukuna ya nuna wa mai waldan. Har iska ma tana da mas, densitinta wajen 1.2 kg/m³, ɗaki mai mita 4 da 3 da 3 mita kubik 36 ne, iskar da ke ciki ta kai kilo 43, yara ba sa yarda sai sun buga da kansu.

Neman bolum kuma, kilo ɗaya na zinare 1000 ÷ 19.3, wajen cm³ 52 kacal, zai ɓace a tafin hannu. Kilo ɗaya na ƙarfe wajen cm³ 127, na alminiyam wajen cm³ 370.

Densitin ruwa-ruwa da na hatsi

Ga tambayar da ke yawan fitowa. Kwalba ba komai giram 20, cike da ruwa giram 70, cike da kananzir giram 60, nemo densitin kananzir. Ruwan giram 50 ne, kuma tunda densitin ruwa 1 ne to bolum ɗin kwalbar cm³ 50 ne. Kananzir giram 40. 40 ÷ 50 = 0.8. In aka ce ka nemo densitinsa idan aka gwada da na ruwa, amsar 0.8 ce dai amma ba a sa mata ma'auni, don giram ne aka raba da giram.

Da wagga dabara za ka san girman tiyar kasuwarku, tunda kowa ya san tiyar wannan kasuwa ba lallai ta yi daidai da ta waccan ba. A ce tiya ba komai giram 300, cike da ruwa 3300, kenan lita 3 ce. Ka shanya ta, ka cika da gero ka shafe bakin da rula ya yi daidai, ban da tozon da ake yi a kasuwa, a ce geron ya ba ka giram 2400, densiti 0.8. Amma ka lura, wannan 0.8 ɗin har da iskar da ke tsakanin ƙwayoyi, ita ƙwayar gero lafiyayya ta fi ruwa, shi ya sa take nutsewa wajen wanki. Amfaninsa, in ka san wannan lamba za ka iya ƙiyasta kilo nawa ne a buhu mai tiya kaza kafin a kai sikelin kamfani.

In an gauraya abu biyu kar ka haɗa densiti ka raba biyu. Ruwa cm³ 200 da wani abu cm³ 300 mai densiti 0.8, mas ɗin ruwa 200, na ɗayan 0.8 × 300 = 240, jimilla 440, bolum 500, amsa 0.88. Mai haɗawa ya raba biyu zai samu 0.9, kuma sau da yawa za ka tarar an saka 0.9 ɗin cikin zaɓi don a kama shi.

Zinare, tunda a ƙasar zinare muke

Labarin da ake bayarwa shi ne wani masani na Girka, Arkimidis, a birnin Sirakus na tsibirin Sisili, ƙarni na uku kafin haihuwar Annabi Isa (AS), sarkinsu ya sa shi ya gano ko maƙeri ya gauraya masa azurfa a kambun zinare ba tare da an lalata kambun ba, kuma da ruwa ya gano. Kai ma za ka iya a gida da zoben mama ko ɗan kunne, amma silinda ba za ta yi ba don bolum ɗin zobe bai kai mililita ɗaya ba, ido ba zai ga tashin ruwan ba. Ga hanyar da ta fi. Auna zoben a ƙaramin sikeli, a ce giram 9.6. Ɗora ƙaramin kofi da ruwa a kan sikelin ka mayar da shi sifili. Ɗaure zoben da siririn zare, ka riƙe zaren, ka sauke shi cikin ruwan ya nutse duka amma kar ya taɓa ƙasa ko gefen kofin, yana rataye a tsakiya. Lambar da sikeli ya nuna a giram ita ce bolum ɗin zoben a cm³, domin ruwan da zoben ya ture ne sikeli ke ji. A ce ya nuna 0.62, sai 9.6 ÷ 0.62, wajen 15.5, wanda ya yi daidai da zinare mai karat 18. Mai karat 22 yana kaiwa wajen 17.7, tsantsa kuma 19.3. Da a ce tagulla ce aka shafa wa ruwan zinare da sikelin ya nuna wajen 1.1, densiti ya faɗo 8 da wani abu, ka ga ba sai an faɗa maka ba.

Sai dai ka maimaita sau uku ka ɗauki tsaka-tsaki don hannu na rawa, kuma ka sani in zoben na da dutse a kai ko cikinsa rami ne lissafin ya ɓaci. Akwai kuma wani ƙarfe, tangistin, da densitinsa ya kusa zama ɗaya da na zinare. Don haka wannan gwajin farko ne, in ya faɗi ka san ba zinare ba ne, in ya ci kuma kuɗin da yawa ne to a kai wa masu injin gwaji.

Masu wankin gwal a Anka da Maru da Bukkuyum da wajajen Yauri densiti suke aiki da shi kullum ko ba su kira sunansa ba. Yashi wajen 2.65 ne, zinare 19.3, ya ninka shi sau bakwai, shi ya sa in ana juya kwano a ruwa yashin ke tafiya zinaren ya kwanta a ƙasa. Amma dan Allah a ji ni da kyau a nan, ba duk dutse mai nauyi da ƙyalli ne zinare ba. Akwai wani dutse, farait, mai launin zinare, densitinsa wajen 5 ne. Akwai dutsen dalma, irin wanda ake yin kwalli da shi, wajen 7.5, yana da nauyi a hannu sosai kuma a wasu ramukanmu tare yake fitowa da zinaren. Shi ne ya jawo mana musibar 2010, lokacin da ake daka duwatsu da niƙa su a cikin gidaje a ƙauyuka irin su Dareta da Abare da Yargalma da Bagega, ƙurar dalma ta shiga ƙasar da yara ke wasa a kai, yara wajen 400 suka rasu, Allah Ya jiƙansu, har sai da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka zo aka yi ta magani ana kwashe gurɓatacciyar ƙasa. Saboda haka duk ɗalibin da zai yi wanga gwaji, kar ya ɗauko dutsen ramin gwal ya kawo gida ko aji, balle ya fasa shi, dutsen bakin hanya ya isa. Makuri ma da ake kama zinare da shi, na saka lambarsa ne don jarrabawa kawai, guba ne, ba abin gwajin yara ba ne.

Me zai nutse, me zai yi yawo

Abin da densitinsa bai kai na ruwa ba zai tsaya a sama, wanda ya fi zai nutse. Ƙanƙara 0.92 tana yawo a kofi. Fetur 0.74 yana hawa kan ruwa, shi ya sa ba a kashe gobarar fetur da ruwa, man zai hau saman ruwan ya bi shi da wutarsa ya bazu, yashi ake zubawa ko a yi amfani da tukunyar kashe gobara.

To yaya jirgin ƙarfe ke yawo alhali ƙarfe 7.9 ne? Domin ana raba mas ɗin jirgin duka da bolum ɗinsa duka, har da iskar da ke cikinsa. Dubi goran masunta a Matan Fada ranar bikin kamun kifi na Argungu. A ce gora na da bolum lita 20 da mas kilo 1, densitinsa 1 ÷ 20 = 0.05, kenan sai an ɗora masa wajen kilo 19 kafin ya nutse, jikin mutum kuma da ma densitinsa dab yake da na ruwa, ruwan ne ke ɗauke da mafi yawansa, shi ya sa ƙato zai kwanta kan gora ya yi ta iyo da homa a hannu.

Kwale-kwale ma haka. A ce daga ƙasa zuwa baki mita kubik 3 ne, iyakar abin da ruwa zai riƙe kenan kilo 3000, a cire nauyin jirgin kansa, a ce 600, saura 2400. Amma 2400 ɗin nan shi ne inda ruwa ya zo daidai da baki, igiyar ruwa ɗaya ta shigo an gama, don ruwan da ya shigo yana korar iska yana ƙara mas, densitin ya haura 1. Dole a tsaya nesa da wannan lamba sosai, kuma a lissafa babura da buhuna, ba kawunan mutane kaɗai ba. Mutanen Yauri da Ngaski ba su manta da jirgin da ya nutse a kogin Neja kusa da Wara a watan Mayun 2021 da jama'a masu yawa ba, Allah Ya gafarta musu. Ina so ɗalibanmu na bakin kogi su iya wanga lissafi ko don wannan.

Na ƙarshe na manoman shinkafa ne, na fadamun Argungu da Suru da Jega da kuma na Bakolori, kuma gwaji ne mai kyau da yaro zai yi da babansa kafin a zuba iri. Irin da ya cika ya fi densiti, wanda bai cika ba ko ƙwaro ya ci cikinsa iska ce. In ka zuba a ruwa zalla, fankon ne kawai zai taso, mai rabin ciki zai nutse tare da mai kyau. Sai a ɗaga densitin ruwan da gishiri. Ka cika bokiti da ruwa, ka saka ɗanyen ƙwai sabo na kaza, zai nutse, ka riƙa zuba gishiri kana motsawa har ƙwan ya taso ɗan bayansa ya leƙo sama, ka cire shi. In kana son sanin lambar ruwan, ɗebi mililita 100 ka auna, in ya ba ka giram 110 densitinsa 1.1 kenan. Zuba irin ka motsa, ka bar shi ya natsu na ɗan lokaci, ka kwashe duk wanda ya taso ka ajiye gefe, wanda ya kwanta a ƙasa shi ne irinka. Kar ka bar shi ya daɗe a ruwan gishirin, ka tsame shi nan take ka wanke da ruwan daɗi sau biyu ko uku kafin ka jiƙa shi, don gishirin da ya rage a jiki yana hana tsiro.